Gaɓar da Ake Dannawa a Aikatau na Sifaniyanci

A Sifaniyanci, "hablo" na nufin ina magana, "habló" kuwa ya yi magana. Haruffan ɗaya ne, ba a furta h, kuma gaɓoɓin biyu ne, ha da blo, domin b da l ba sa rabuwa. Abin da ya raba ma'anonin kawai shi ne gaɓar da murya ta fi dannawa. Don haka a ganina malamin da ya sa ɗalibai haddar jadawalin aikatau, ya ajiye zancen dannawa sai daga baya, ya soma gini ne daga rufi.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, ana danna gaɓarta ta kusa da ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙin daban, kamar hablar da comer da vivir, ana danna ta ƙarshen. Duk wadda ta saɓa, sai a ɗora wa wasalinta ɗan karan da ake kira tilde. Wani zai ce wannan ba ya rage wahalar aikatau masu sauya kama, irin su poder da ke ba da puedo da podemos, ko pensar da ke ba da pienso da pensamos. Amma a duba da kyau: o na komawa ue, e na komawa ie, a inda aka danna su ne kaɗai, gadon da harshen ya ɗauko daga gajerun wasulan Latin. Gaskiya ne dannawa ba za ta nuna wane aikatau ne ke sauyawa ba, tun da comer ba ya sauyawa, amma da zarar ɗalibi ya san poder na ciki, ya san duk inda sauyin zai faɗo a lokaci mai ci.

Wani kuma zai ce ɗan karan ba dole ba ne, ya kawo hujja da Hausar boko, wadda ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma mai karatu na gane ko "ya zo" labari ne ko umarni. To, sai dai Sifaniyanci yakan yar da wakilin suna, ya bar aikatau shi kaɗai ɗauke da mai aiki da lokaci. A cire wa cantó ɗan karansa, "ya rera" ta koma "ina rerawa".

Inda gardama ta rage shi ne ƙirgen gaɓoɓi. A 2010 Real Academia Española, hukumar kula da harshen a Sifaniya wadda aka kafa a 1713, da takwarorinta na sauran ƙasashe sun ce a rubuta "rió", wato ya yi dariya, a matsayin "rio", bisa hujjar cewa a rubutu gaɓa ɗaya ce. Hukuncin ya dace da bakin mutanen Meziko, amma da yawa a Sifaniya har yanzu gaɓa biyu suke furtawa.