Canki-canka: Me Ya Sa Wayarka Ke Ɓoye Lambobinta?

A ce lambobin katin waya a jere suke, wannan na bin wancan. Wanda ya sayi kati ɗaya sai ya ƙara 1 a kan lambarsa, ya loda katin wani a banza. Shi ya sa ake hargitsa lambobin yadda babu mai iya cankarsu. Irin wannan dabara ce ke tsare wayoyinmu a intanet.

A cikin kowace wayar Android akwai wata manhaja da ake kira Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ita ce zuciyar na'urar, domin duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta hannunta. Idan wayarka za ta yi magana da wata kwamfuta, sai ta yayyanka saƙon ƙanana-ƙanana, ta sa wa kowane yanki lamba. Ɗaya ɓangaren yana karɓar yankin da lambarsa ta dace ne kawai. Ke nan duk wanda ya canki lambar zai iya cusa saƙon ƙarya, a karɓa a matsayin naka.

An taɓa yin haka. A Disambar 1994, Kevin Mitnick ya kutsa cikin kwamfutocin wani masani mai suna Tsutomu Shimomura a Amurka, saboda a wancan zamani lambobin suna ƙaruwa ne bisa tsarin da ake iya lissafawa. A 1996 Steven Bellovin ya kawo shawarar a riƙa gauraya adireshin na'urorin biyu da wata lambar sirri, sannan a haɗa da agogo. Amfanin agogon shi ne kada sabuwar hira ta ɗauki lambar tsohuwa, saƙonni su cakuɗe.

Tun daga nan ake ta gyara. A 2011 Linux ta bar tsarin gaurayawa na MD4 ta koma MD5, a 2017 kuma ta koma SipHash. Amma ba a karɓar gyara don kawai gwani ne ya rubuta shi. Sai ya aika wa sauran masana, su karanta layi bayan layi, suna tambaya: Har yanzu ana iya cankar lambar? Gyaran zai rage wa na'ura sauri? Zai lalata abin da ke aiki lafiya?

Dalilin wannan tsanani shi ne kuskuren hargitsa lamba ba ya nuna kansa, na'ura za ta ci gaba da aiki kamar ƙalau. A 2006 masu haɗa tsarin Debian sun cire wasu layuka daga manhajar tsaro ta OpenSSL. Wannan ya sa makullan sirrin da ake ƙirƙira suka taƙaita zuwa kimanin 32,768 na kowane iri, adadin da kwamfuta za ta gwada cikin ɗan lokaci. Sai a Mayun 2008 Luciano Bello ya gano matsalar.

Don haka idan wayarka ta nemi a sabunta mata manhajar tsaro, kada ka yi ta ɗagawa, irin waɗannan gyare-gyaren ne take kawo maka. Kai ma kada ka sa shekarar haihuwarka ko 1234 a matsayin lambar sirri, domin da su mai canka yake farawa.