Filinge: kason lanho da ba ya jiran kaka

Duk wanda ya san kasuwar Filinge ya san cewa kuɗin Kurfai ba sa zama cikin akwati. Suna cikin buhunan hatsi da wake da aka saye da kaka, suna bisa bayan ragunan da ake kiwo domin Layya, ko kuwa suna cikin motar da ta kama hanyar Baleyara zuwa Yamai. To, a cikin wannan hali ne ranar biyan kason lanho na wucin gadi, wanda ma'aikatan DGI suke kira akwanti, take iske ɗan kasuwa.

Wannan kaso bai shafi mai tebur ko mai ɗan ƙaramin kanti ba. Su lanhon dunƙule suke biya. Ya shafi wanda cinikinsa ya ƙasaita har ana lissafa masa lanho bisa ribarsa ta gaskiya: babban dillalin hatsi, mai motocin sufuri, ɗan kwangilar da ke gina azuzuwa ko kai wa ma'aikatu kaya. Gwamnati ba ta jiran ƙarshen shekara. Tana duban abin da mutum ya biya bara, ta ce ya gabatar da wani sashe nasa tun shekara ba ta ƙare ba. In an rufe lissafi, sai a cire abin da ya riga ya bayar, ya cika saura.

Dokar haraji ta 2012 ta yanka lanhon riba kashi 30 cikin 100. A misali, wanda ya ci ribar miliyan 5 na sefa, miliyan 1 da rabi ba nasa ba ne, ko da suna cikin aljihunsa. Nan ne da yawa suke faɗawa rami. Bara ta yi albarka, bana damina ta yi gardama, ko rashin tsaro ya hana masu dabbobi na wajen Abala saukowa kasuwa, amma kason yana nan bisa ma'aunin bara.

Akwai kuma littafin bashi. Wanda ya yi kasuwanci a shekarun 1990, lokacin da albashi yake yin watanni bai fito ba, ya san nauyinsa. Kayan da aka bayar bashi ciniki ne a idon mai lissafi, ribarsu tana shiga lanho alhali ko dala ba ta shigo ba. Ma'aikacin da ke karanta wannan shafi, wanda sunansa yake cikin littafin wani Alhaji, ya san cewa jinkirinsa yana da hannu a tarar da ake ci wa mai kanti.

A ganinmu, maganin ba ya wuce a ware kason tun ranar da kuɗi suka shigo. An sayar da raguna, an fitar da wake: a cire rabon lanho a ajiye shi daban, a banki ko a asusun ajiya, kada a mayar da shi jari. Layya tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, ranar lanho kuwa ba ta motsi. Wanda ya dogara da cinikin Salla domin biya, wata shekara zai tarar Salla ta wuce da nisa kuma kuɗin sun koma hatsi.

Sai takardu. Abin da aka cire wa mutum a duwan, ko wanda baitulmali ya riƙe daga kuɗin kwangila, ana rage shi daga lanhon ƙarshe, amma sai da resi mai ɗauke da lambarsa ta NIF. Wanda ya shigo da kaya da sunan wani, ya biya wa wani ke nan. Tun da dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya taɓa ranaku da ma'auni, ya kamata a leƙa ofishin lanho tun watan Janairu a rubuto su, a liƙa a bangon kanti.

Tarar jinkiri ita ce ƙaramar hasara. Wanda lanho yake binsa ba ya samun takardar shaidar biyan haraji, ARF, kuma in babu ita ba a karɓar takardunsa ranar da aka buɗe neman kwangilar gwamnati.