Aron Fuska: Abin da Ke Shiga Tsakanin Mai Magani da Majinyaci

Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san irin wannan baiwar Allah. Kowace ranar kasuwa sai ta zo. Yau ciwon kai, mako mai zuwa faɗuwar gaba, wani makon ta ce wani abu ne ke yi mata yawo a jiki tun daga tafin ƙafa har ƙeya. An auna jini, an duba zazzaɓin sauro, an duba taifot, ba a ga komai ba. In aka ce ta shiga wurin wani, sai ta ce a'a, za ta jira "Baba Likita" ko da zai kai la'asar. Shi kuwa jami'in lafiya ne kawai, kuma a haife ta haife shi. Kaka ta yi, ta aiko masa da tiya biyu ta wake. Ranar da ya yi tafiya bai sallame ta ba, sai ta ɗauke ƙafa wata biyu cur, kamar wadda aka ɓata wa rai a cikin gida.

Abokan aikinsa su yi ta tsokana: "Ga mutuniyarka nan ta iso." Wasu su ce so ne, wasu su ce iska ce. Akwai bayani na uku, wanda aka fara rubutawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sama da shekara ɗari da ta wuce.

Tsakanin 1880 da 1882 wani likita mai suna Josef Breuer ya yi jinyar wata budurwa 'yar shekara 21, Bertha Pappenheim, wadda aka sakaya sunanta a rubuce da Anna O. Ciwon ya kama ta ne tana tsaka da jinyar mahaifinta: hannu da ƙafa suka sandare, gani ya rikice, har ta kai ga harshenta na Jamusanci ya ɓace mata sai Turanci. Breuer ya lura cewa in ta zauna ta zayyana masa abin da ke ranta, ciwon yakan lafa. Ita da kanta ta raɗa wa abin suna, ta ce magani ne da magana. Daga nan abokinsa Sigmund Freud ya ɗauko zaren, suka fitar da littafi tare a 1895, aka haifi hanyar da Turawa ke kira saiko'analisis. Mu ce mata tonon zuci. Majinyaci ya kishingiɗa a doguwar kujera, likita ya zauna ta bayan kansa inda ba ya ganinsa, ya ce masa ya faɗi duk abin da ya faɗo masa ba tare da tacewa ba. Freud kan yi haka da mutum kusan awa guda, kwana shida a mako.

Tushen ra'ayin shi ne zuciya tana da rumbun da mai ita bai san abin da ke ciki ba. Tsoro da fushi da begen da yaro ya haɗiye bai furta ba, suna nan a ajiye, kuma sukan fito ta wata ƙofa: mafarki, suɓutar baki, ciwon da ba a ganin sa a gwaji.

Ƙofar da ta fi ba Freud mamaki kuwa shi kansa ne. A ƙarshen 1900 aka kawo masa wata yarinya 'yar shekara 18, wadda ya sa wa suna Dora a rubutunsa. Mako goma sha ɗaya suna zama, rana ɗaya ta ce masa yau ce ta ƙarshe, ta tafi. Da ya wallafa labarin a 1905 ya amsa laifinsa: ya shagala da fassara mafarkinta, bai ankara ba cewa yarinyar ta daina ganin sa a matsayin likita, ta haɗa shi sahu ɗaya da manyan mazan da suka ci amanarta, ta rama a kansa abin da ta kasa ramawa a kansu. Wannan ne abin da na kira aron fuska. Majinyaci ya ɗauko fuskar uba, ko uwa, ko wa, ya aza wa mai magani, sannan ya so shi ko ya ji tsoronsa ko ya ƙullace shi gwargwadon yadda ya yi da mai fuskar ta asali, ba tare da ya san yana yi ba. Da farko Freud ya ɗauki abin a matsayin cikas. Zuwa 1912 ya juya, ya ce ai nan ne filin aikin: tsohon miki ne ya buɗe a gaban likita, yana gani da idonsa maimakon a ba shi labari.

Kada mai karatu ya ɗauka ina tallar Freud ne. Anna O. ba ta warke a hannun Breuer ba, sai da aka kwantar da ita a gidan jinya a 1882, ko da yake daga baya ta miƙe ta zama jagorar kare haƙƙin mata a Jamus. Masanin falsafa Karl Popper ya soki tsarin da cewa ba shi da hanyar da za a ƙaryata shi: in ka yarda an yi daidai, in ka musa a ce musun ma alamar ciwo ce. Kuma ra'ayin Freud na cewa kowane yaro yana kishi da ubansa a kan uwarsa, a gidan Bature mai mata ɗaya da 'ya'ya ƙalilan aka auna shi. Amma batun aron fuska ya tsira daga duk wannan suka, domin ko likitan da bai taɓa buɗe littafin Freud ba yana cin karo da shi a ɗakin duba marasa lafiya.

To, fuskar wa ake arowa a ƙasar Hausa? Nan ne zancen ya yi daɗi. A asibitin Fann da ke Dakar, inda Henri Collomb ya jagoranci sashen masu taɓin hankali tun 1959, wasu ma'aurata, Marie-Cécile da Edmond Ortigues, sun gwada wannan hanya da 'yan Senegal, suka fitar da littafi a 1966. Abin da suka gani shi ne uba ya yi nisa da girman da ba a ja da shi, don haka gasa da kishi sukan koma kan 'yan'uwa da tsara. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu da muke da kalmar 'yan'ubanci, me za a gaya mana? A gidan gandu yaro yana da iyaye maza uku ko huɗu, yana da uwa da kishiyoyinta, ga kawu mai sassauci, ga gwaggo mai faɗa, ga kaka abokiyar wasa. Ɗan fari kuma uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi a gaban mutane saboda kunya, sau da yawa ma riƙo ake ba da shi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa da Zariya aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da riƙo dalla-dalla. Mutumin da ya tashi haka, in ya samu wani babba ya zaunar da shi, ya kira sunansa, ya saurare shi minti ashirin ba tsawa, wataƙila karo na farko ke nan a rayuwarsa. Yaya ba zai manne ba?

Ga kuma tarbiyyar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An hore mu da haɗiye damuwa, shi ya sa takan fito da sunan ciwon kai da zafin ƙirji. Murray Last, masanin da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi daga 1969 zuwa farkon shekarun 1970 yana nazarin ciwo da magani. A wata maƙala da ya fitar a 1981 ya nuna cewa mutanen yankin ba su cika damuwa da sanin yadda magani ke aiki ba, kuma ba su jin wani saɓani in suka haɗa asibiti da malam da boka. Ni abin da na ɗauka daga nan shi ne, in ba bayanin ciwo ake bi ba, to mutum ake bi. Shi ya sa za ka ji an ce wane yana da hannu, ko a ce jininmu ya haɗu da shi. Allura ɗaya ce a Bakori da Ƙafur, amma ta hannun wane ita ce "mai ji".

Masu tonon zuci irin na Freud, ba a nan suke ba. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, ƙiyasin da aka fi ambato bai wuce ɗari uku ba a Nijeriya mai mutum sama da miliyan ɗari biyu. Mutumin Ɗandume ko Faskari in abin ya yi tsanani sai asibitin Shika a Zariya, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano. Alhali buƙatar ta ƙaru. Yaran makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da ɗari uku da aka kwashe a Disambar 2020 sun dawo gida, haka ɗaruruwan manoma da matan aure da aka karɓo da kuɗin fansa, amma wanda ya kwana a daji ƙarƙashin bindiga ba ya dawowa shi kaɗai. Waɗannan mutane a zauren malam suke sauke kayansu, da gaban mai ruƙiyya, da kantin mai kemis, da ɗakin ungozoma. Can ake aron fuskar, kuma waɗanda ake aza wa ita ba wanda ya taɓa gaya musu.

Haɗarin kuwa ta ɓangaren mai maganin ya fi yawa, domin shi ma mutum ne mai nasa rumbun. Abin da zuciyarsa ke mayarwa, mu kira shi amsa-kuwwa. Freud ya fara ambaton sa ne a wata wasiƙa ta 1909 zuwa ga almajirinsa Carl Jung, bayan Jung ya wuce gona da iri da Sabina Spielrein, yarinyar da aka kawo masa jinya a asibitin Burghölzli na Zurich a 1904. A 1915 Freud ya rubuta gargaɗi ga likitoci: in majinyaciya ta ce tana son ka, kada ka ɗauka kyanka ne ya jawo, yanayin jinyar ne. Kada ka biye mata, kada kuma ka kore ta da wa'azi. Ka tsaya a matsayinka ku gano wa take nema a jikinka. A nan ina ganin ya fi mu gaskiya. Sau nawa muka ji an kai mace wurin mai magani, jinya ta ƙare da ɗaurin aure, aka yi ta sambarka? Ta yiwu halal ne a shari'a, amma amincewar wanda ke ganin ka a matsayin mai ceton ransa ba irin amincewar kasuwa ba ce. Kuma miƙa wuyan nan da iyali ke yi ga mai magani, shi ne ya bari aka ɗaure mutane da mari shekara da shekaru, har sai da 'yan sanda suka fasa gidajen da ake yin haka a Rigasa da Daura a 2019.

Amsa-kuwwa ba so kaɗai ba ce. Donald Winnicott, likitan yara a Ingila, ya fito fili a 1947 ya ce mai jinya yakan tsani majinyacinsa, kuma gara ya san haka da ya ɓoye wa kansa. Duk nas ɗin da ta taɓa jin gabanta ya faɗi don ta hango wata majinyaciya a layi ta san zancen. Paula Heimann ta ƙara a 1950 cewa wannan jin ba ƙazanta ba ce da za a share, ma'auni ne: in mutum ya sa ka jin gajiya da son korar sa tun kafin ya zauna, mai yiwuwa haka yake sa kowa, kuma ciwon da ya kawo ke nan.

Nijeriya ta taɓa gwada haɗa wannan sani da namu. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyatansa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Zimbabuwe ma, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. Dubi wayon: kaka aka zaɓa, fuskar da kowa ke sakewa da ita, aka kuma sa mata masu duba aikinta, waɗanda take komawa wurinsu ta faɗi abin da ya tsaya mata a rai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi tanadin kai wannan kulawa zuwa ƙananan asibitoci. Ba gini ake buƙata ba kafin a fara: a tara jami'an lafiya da ungozomomi na ƙaramar hukuma sau ɗaya a wata, kowa ya kawo labarin majinyacin da ya fi shiga ransa da wanda ya fi gundurar sa, ba tare da kama suna ba.

Shi kuma Baba Likita, in baiwar Allah ta dawo bayan wata biyu tana ɗaure da fuska, yana da zaɓi. Yana iya rubuta mata farasitamol ya kira na gaba. Yana kuma iya ajiye biro ya ce, "Iya, na yi tafiya ban sallame ki ba, na ga abin ya ɓata miki rai. Wa ya taɓa tafiya ya bar ki haka?"