Ƙaramar Mota Mai Injin Jet

A Ingila da Amurka akwai masu ƙera ƙaramar mota a gida, su ɗaura mata injin jet. To, ƙaƙa take tafiya, alhali kuwa injin bai juya ƙafafunta?

Injin yakan zuƙo iska, ya matse ta, ya gauraya da mai, ya ƙone. Iskar mai zafi ta fita ta baya da ƙarfi, motar kuwa ta zabura gaba. Watau dokar Newton ta uku ke nan, ta 1687: abin da ka tura, shi ma yana tura ka.

Malam, kada ka gwada da wuta a aji. Sami kwali, ka yi masa ƙafafu da murafun kwalba huɗu. Hura balan-balan, ka ɗaura shi bisa, bakinsa na duban baya, sa'an nan ka saki. Yara su gani da idonsu.