Bahri: Yadda iyaye za su auna makarantar unguwa bayan yaƙi

Iyalan da ke komawa Bahri, birnin da ke tsallaken kogi daga Khartoum da Omdurman, suna tarar da tambayar da ba ta jira: wace makaranta za a mayar da yaro? A unguwannin masu ƙaramin ƙarfi irin su Samrab, Droshab da Haj Yusuf, kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfin yawancin magidanta, don haka firamaren gwamnati ta unguwa ce mafita. Cikin mazauna biranen nan uku akwai Hausawa, jikokin alhazan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903.

Halin da ake ciki

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma yawancin Bahri ya daɗe a hannun RSF. Sai a watan Satumban 2024 sojoji suka tsallako gadar Halfaya, suka ƙwace sassa da dama na birnin a farkon 2025, sannan a watan Mayun wannan shekarar suka bayyana cewa jihar Khartoum baki ɗaya ta koma hannunsu. Yaron da ya zauna a Bahri ko ya yi gudun hijira yana iya rasa shekara biyu ta karatu ko fiye.

Tun kafin yaƙin ma lamarin bai da daɗi. A 2022 hukumar UNICEF da ƙungiyar Save the Children sun ce kusan yara miliyan 7 a Sudan ba sa zuwa makaranta. A watan Oktoban 2023 suka ce adadin ya kai miliyan 19. Malamai kuma sun shafe makonni suna yajin aiki kan albashi daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023.

A tsarin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta dawo da shi, firamare shekara 6 ce, matsakaiciya 3, sakandare 3, maimakon shekara 8 ta ilimin tushe da aka yi amfani da ita tun farkon shekarun 1990. Mai karatu a Nijar zai ga ya yi daidai da CI zuwa CM2, na Najeriya kuma aji ɗaya zuwa shida.

Lafiyar yaro tukuna

An yi faɗa a cikin unguwanni, wasu makarantun sun zama matsugunin 'yan gudun hijira, a wasu wuraren ma an binne mamata a filaye da harabar makarantu saboda ba halin kai wa maƙabarta. Tambayar farko ga shugaban makaranta ita ce: masu kwance bama-bamai sun duba harabar? Wa ya zo, kuma yaushe? An koya wa yara su guji taɓa ƙarfen da ba su sani ba? Sabon fenti a katanga ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai ruwa da makewayi. Tashar ruwan Bahri ta lalace tun farkon yaƙin, kuma kwalara ta yi ɓarna a jihar Khartoum a watan Mayun 2025. A duba randunan shan ruwa: a rufe suke? Daga ina ake cika su? A leƙa makewayi da ido. A makarantar 'yan mata, ƙofar da ba ta rufuwa ta isa ta sa yarinyar da ta fara girma ta daina zuwa.

Malami yana cikin aji?

Malamai da yawa sun warwatsu zuwa wasu jihohi ko zuwa Masar, wasu sun yi watanni ba albashi. Jerin sunayen da ke ofis bai nuna waɗanda suka dawo ba. Dabara mai sauƙi ita ce a je ba tare da sanarwa ba, sau biyu: da sassafe lokacin da ɗalibai ke jeruwa, da kuma bayan hutun karin kumallo da ake kira fatur. A ƙirga ajujuwan da ke da malami a tsaye. Idan da safe shida ne, bayan fatur suka koma biyu, rabin yini kawai ake karatu.

A ƙirga yaran aji ɗaya, a ga nawa ke zaune a ƙasa, nawa ke raba littafi guda. Aji mai cunkoso da malami mai zuwa kullum ya fi aji mai kujeru da babu kowa a gaban allo. Littafin rubutun yaro ma shaida ne: kwanan watan da malami ya yi gyara na ƙarshe yana faɗin gaskiya.

Ma'aunin da ya fi kowanne

Duk abin da aka lissafa yana komawa ga abu guda: yaron yana iya karatu? Ga ɗan Bahaushe akwai ƙarin hawa. A gida yana jin Hausa, a titi Larabcin Sudan, a littafi kuma Larabcin fusha. Wanda ya yi makarantar allo, wadda a Sudan ake kira khalwa, yana da harufa da kaifin hadda, sai dai hadda na iya ɓoye rauni, domin yaro zai rera shafi guda da ka alhali bai iya haɗa sabuwar kalma ba.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A ba yaron da ke aji uku ko huɗu layi biyu daga littafin aji biyu da bai taɓa gani ba, ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗi ma'anar da Hausa. Uwa ko uban da bai iya Larabcin littafi ba sai ya nemi wani yayan yaron ko maƙwabci ya saurara. A maimaita bayan wata uku. In an ga ci gaba, makarantar tana aiki, ko da rufinta na yoyo.

A tambayi kuma yadda ake zaɓa wa waɗanda suka dawo aji. Makarantar da ta damu za ta gwada yaro ta san inda ya tsaya, ta ware lokacin cike giɓi. Wadda ta tura shi gaba don shekarunsa kawai, ta ɗora masa kayan da zai sauke a hanya.

Kuɗi da takardu

A doka ilimin farko kyauta ne, amma a aikace iyaye sun daɗe suna biyan kuɗin alli, ruwa da gyare-gyare ta hannun majalisar iyaye da malamai, kwatankwacin COGES a Nijar. Karo-karon ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko ana ba da rasit, ko ana karanta lissafi a gaban taro, da ko ana korar yaron da iyayensa suka kasa biya.

Takardu kuwa sun fi damun Hausawa, waɗanda wasu lokuta ake yi wa tambayoyi kan asalinsu duk da cewa kakanninsu a Sudan aka haife su. Gidaje da yawa sun rasa takardar haihuwa a yaƙin. A tambaya tun ranar farko ko za a karɓi yaro kafin a sabunta ta, sannan a fara neman lambar ɗan ƙasa da wuri, kada a bari sai jarrabawar kammala firamare ta matso.

Idan makarantar ta gaza a wasu ma'aunan, cire yaro ya zauna a gida ko ya shiga kasuwa ya fi muni. Iyaye biyar da suka shiga majalisar makaranta, suka rubuta ranakun da malami bai zo ba, suka kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sun fi samun mai sauraro fiye da mutum ɗaya da ke ƙorafi a bakin ƙofa.