Rashin jituwar manhaja a sitiyarin lantarki da yadda ake gano shi

Sitiyarin lantarki, wanda ya fara fitowa kasuwa a motar Suzuki Cervo a shekarar 1988, ya maye gurbin tsohon tsarin famfo da mai da ƙaramin injin lantarki mai taya direba murza tayoyi. Injin nan ba ya motsi sai da umarnin wata ƙaramar kwamfuta da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar sitiyari, wadda take auna ƙarfin da hannun direba ya sa da kusurwar da sitiyarin ya juya, sannan ta haɗa su da gudun motar domin ta ƙayyade yawan taimakon da za ta bayar, shi ya sa sitiyarin yake laushi wajen fakin, ya kuma yi ɗan nauyi a kan babban titi. Sai dai bayanin gudu ba a hannunta yake ba, yawanci daga ƙwaƙwalwar birki yake iso mata ta wasu tagwayen wayoyi da ake kira layin CAN, wato tsarin sadarwar da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986.

Daga nan matsalar jituwa take tasowa, domin ƙwaƙwalen mota ba sa aiki tare sai manhajojinsu sun dace a kan siffar saƙo da lokacin aika shi. Ƙwaƙwalwar da aka ciro daga wata mota tana iya kasancewa lafiya lau, soket ɗinta ya shiga daram, amma manhajar cikinta an tsara ta ne domin wani injin dabam, ko wani girman taya, ko motar da ke da tsarin riƙe layin hanya. Wannan ya shafi masu sayen kayan Beljiyam a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda kayan motocin da aka ƙera wa Amurka da Turai da Japan suke cakuɗe, alhali kamannin ƙarfe ba ya nuna abin da aka rubuta a ciki.

Bincike yana farawa ne da sa na'ura a soket mai ramuka 16 na OBD-II, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a karanta lambobin matsala na duk ƙwaƙwalen motar, ba na sitiyari kaɗai ba. Lambobin da suka fara da harafin U na sadarwa ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ginshiƙin aikin. U0131 tana nufin wata ƙwaƙwalwa ta daina jin ta sitiyari kwata-kwata. U0420 tana nufin tana jin ta amma bayanin da ke zuwa bai inganta ba. U0320 kuwa ita ce take faɗin rashin jituwar manhaja kai tsaye. Ta farkon ta fi karkata ga yankewar waya ko ƙonewar fiyus, saboda haka wanda ya gan ta ya nufi sauya manhaja ya bar jaki yana dukan taiki.

Ko da lambar ta nuna manhaja, wajibi ne a fara wanke wuta da waya daga zargi, domin injin sitiyari yana jan wuta mai yawa, kuma batir mai rauni yakan sa ƙwaƙwalen su riƙa kashe kansu suna tashi, su bar lambobin da suka yi kama da na rashin jituwa. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota tana kashe. Idan aka cire shi aka auna tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin OBD-II, ya kamata a ga kusan ohm 60 a motocin da layin CAN ya iso wurin kai tsaye, kasancewar kowane ƙarshen layin yana da abin tsayayya na ohm 120. Ganin 120 alama ce ta cewa gefe ɗaya ya yanke.

Bayan haka ne ake karanta lambar kaya da lambar sigar manhaja daga ƙwaƙwalwar, a gwada su da abin da kamfani ya tanadar wa lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17 ta wannan motar. Tambayar da ta fi na'ura amfani a wannan gaɓa ita ce ko an taɓa canza wani abu kafin fitilar gargaɗin sitiyari ta kama, abin da masu mota ba kasafai suke faɗa ba sai an matsa musu.

Magani ya kasu, kuma rikita kashe-kashensa yana jawo asara. Wani lokaci saiti kawai ake buƙata, wato a koya wa ƙwaƙwalwar inda sifirin ma'aunanta yake, kamar yadda lambar C1515 take nunawa a motocin Toyota cewa ba a daidaita sifirin ma'aunin ƙarfi ba. Wani lokaci sai an shigar mata da bayanan motar, kamar nau'in inji da kayan da aka ƙera ta da su. Mafi haɗari shi ne sake rubuta manhajar baki ɗaya, wanda ke buƙatar tsayayyar wuta daga caja har a gama, domin yankewa a tsakiya tana iya barin ƙwaƙwalwar ba ta amsa kowa. Idan kuwa kayan cikinta na wani zubi ne dabam, sabuwar manhaja ba za ta zauna ba, sai an nemo wadda lambarta ta dace da motar.