Kwanon Sallah: Alkaki, Cincin Da Haƙƙin Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da zarar azumi ya raba tsakiya, hirar gidajenmu takan sauya. Uwargida ta shiga lissafin mudun fulawa da kwalaben mai, maigida yana zaryar shagon tela, injin niƙa na unguwa kuwa ba ya samun hutu. Wannan shiri mun gaje shi ne kaka da kakanni, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa tsayawa mun auna shi da ma'aunin shari'a ba. Alhali cikin ɗan kwanon da yaro ke ɗauka zuwa gidan maƙwabta ranar sallah akwai hukuncin kyauta, da na maƙwabtaka, da na bashi, da na adalci tsakanin 'ya'ya. Ya dace magidanta da ɗalibai su san su kafin a ɗora kasko a wuta.

Matsayinsa a shari'a

Suyar cincin da dubulan al'ada ce, kuma asalin al'ada halacci ne matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. Babu wani nau'in abinci da aka wajabta domin idi. Abin da ya tabbata a Sahihul Bukhari daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, shi ne Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ba ya fita idin ƙaramar sallah sai ya ci dabino, kuma adadin mara yake ci. A babbar sallah kuwa yakan jinkirta ci har ya dawo daga filin idi. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa yana son kayan zaƙi da zuma. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa kwanakin Tashriƙi kwanaki ne na ci da sha da ambaton Allah. Saboda haka wanda ya yalwata wa iyalinsa ranar idi yana kan turba, kuma idan ya yi niyyar faranta musu rai da sada zumunci, al'adarsa ta zama abin samun lada.

Sai dai a kiyaye jerin abubuwa yadda shari'a ta jera su. Zakkar fidda kai wajibi ce, an shar'anta ta a shekara ta 2 bayan Hijira: sa'i ɗaya, wato mudun Nabiyyi 4, a kan kowane mutum na gida, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, kamar gero ko dawa ko masara ko shinkafa, kuma a fitar kafin a tafi idi. Rabon cincin ba ya tsayawa a madadinta. Gidan da ya sayi buhun fulawa amma bai auna wa miskinai hatsinsu ba ya fifita halal a kan wajibi.

Abin da hannun iyayenmu ya iya

Kayan zaƙin ƙasar Hausa suna da hikima a cikinsu, domin an ƙirƙiro su ne a zamanin da babu firji, don haka mafi yawansu suna jure ajiya. Alkaki daga ɓarzajjiyar alkama ake yin sa: a kwaɓa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a murza a naɗe, a soya, sannan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari. Nakiya kuwa garin shinkafa ce da ake haɗawa da man shanu da zuma ko sukari, da citta da kanumfari da masoro, a kirɓa har ta haɗe jikinta. Takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ba a rasa ta cikin garar amarya. Dubulan fulawa ce da ake murzawa siriri a sarrafa da yatsu, kuma kyawunsa shaida ne ga haƙurin mai yin sa. Ga kantun riɗi, ga alewar gyaɗa, ga gullisuwa da alewar madara, ga mazarƙwailar da masu rake ke dafawa tun kafin farin sukari ya cika kasuwa.

Aikin hannu bai tsaya a madafi ba. Akwai matan da ke kwashe makonni suna ɗinkin hula da allura domin miji ko ɗa ya sa ranar idi. Akwai masu saƙa faifai, da masu haɗa turaren wuta da humra irin na mutanen Barno, da masu ƙunshi da zanen lalle a jajibirin sallah. Yara maza su ƙera motar kara ko ta gwangwani, mata su ɗinka wa 'yar tsana tufafi daga ƙyallayen da tela ya zubar.

Wannan duka yana da asali a rayuwar magabata. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, wadda ta rasu a shekara ta 20 bayan Hijira, takan jeme fata ta ɗinka da hannunta, ta sayar ta yi sadaka, har A'isha ta shaide ta da cewa ta fi su tsawon hannu wajen kyauta. Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce matan sahabbai sukan yi wa yaransu abin wasa da ulu domin su shagala da shi har lokacin buɗa baki. Bukhari kuma ya ruwaito daga Miƙdamu cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, alaihis salam, haka yake ci. Uwar da ta zaunar da 'yarta a gefen kasko tana nuna mata naɗin alkaki ta ba ta gadon da zai iya ciyar da ita wata rana. Da yawan zawarawa da marayu a unguwanninmu da wannan sana'a suke biyan haya da kuɗin makaranta.

Tsada da gasa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kayan masarufi ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Fulawa da sukari da man gyaɗa da madara, waɗanda su ne jigon kayan sallah, duk sun shiga ciki. Amma buri bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, saboda hotunan da ake yaɗawa a Instagram da TikTok na tire-tire da kwalaye masu ƙyalli. Mace ta ga abin da ƙawarta ta ɗora, sai ta raina nata, ta tayar wa miji da hankali. Wani magidancin ya ci bashi, wata ta kwashe adashinta tun kafin lokacin buƙata, wani saurayi ya jinginar da abin sana'arsa domin toshin sallah. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan da suka ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Alƙur'ani a Suratul A'araf, aya ta 31, ya halatta ci da sha ya hana ɓarna, kuma a Suratul Furƙan, aya ta 67, ya siffanta bayin Allah da tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Mudu biyu na cincin da aka yi da kuɗin halal, babu bashi a wuya, ya fi buhu guda da za a yi wata uku ana ɓoye wa mai shago. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi fulawa da mai a sari, su yi aikin a gida ɗaya, su raba. Icce ya ragu, mai ya ragu, gajiya ta ragu, kuma matan sun zauna da juna. Wanda fulawa ta fi ƙarfinsa, riɗi da gyaɗa da aya amfanin gonarmu ne, kuma yaro ba ya tambayar farashin abin da ya ji daɗinsa.

Haka nan ɓarna tana shiga ta ƙofar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wanda ga baligi ya kama kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Cikin da ya yi wata guda yana azumi a bi shi a hankali. Dattijo mai ciwon sukari kuma a nema masa kyautar da ba za ta cutar da shi ba, kamar hula ko turare ko zannen gado.

Kada kasko ya cinye goman ƙarshe

Abin da ya fi damun mu shi ne lokaci. Dararen da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, yake ɗaure ɗamara ya raya su, ya kuma tashi iyalansa, su ne dararen da matanmu da yawa ke kwana a gaban murhu. Maza suna masallaci suna tahajjud, mata suna yanka cincin har asuba, sannan gobe maigida ya yi alfahari da kwanon da aka fitar daga gidansa. Wannan ba adalci ba ne, domin daren Lailatul Ƙadari ba na maza kaɗai ba ne. Maganin kuwa mai sauƙi ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya: nakiya da alkaki da cincin duk suna jure ajiya idan sun huce sosai aka rufe su a mazubi busasshe, don haka a gama su kafin ashirin ga wata. Maigida ya kawo kayan da wuri, samarin gida su taya murji da yanka, kamar yadda Annabi ya kasance cikin hidimar iyalinsa.

Mai aiki da rana kuma ta sani cewa malaman Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci, ko da zai tofar, wasu malamai kuma sun yi rangwame idan akwai buƙata. Haɗiyewa da gangan kuwa yana karya azumi ba tare da saɓani ba. Wadda ta riƙe ma'auninta na sukari da gishiri ta huta da wannan.

Wa za a fara kai wa?

A'isha ta tambayi Annabi game da maƙwabtanta biyu, wanne za ta ba kyauta, sai ya nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ya kuma hori mata musulmi da kada wata ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne, ya umarci Abu Zarri ya ƙara wa miyarsa ruwa domin maƙwabta su samu. Mu kuwa sau da yawa babban kwano gidan mai kuɗi yake tafiya, inda ba a buƙatarsa, a tsallake ɗakin bazawarar da 'ya'yanta suka kwana suna shaƙar ƙamshin suyarmu ta kan katanga. A gyara jerin: iyaye da dangi, maƙwabci na kusa, gidan marayu, almajirin da ke mana aike, mai gadi da mai ɗebo mana ruwa. Maƙwabcin da ba musulmi ba ma yana da rabo. Abdullahi ɗan Amru da aka yanka akuya a gidansa sai da ya nanata tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude.

Annabi yana karɓar kyauta yana kuma sāka wa mai ita, kuma daga nan al'adarmu ta ƙin mayar da kwano wayam ta sami gindi. Amma kada ta zama nauyi ga wanda ba shi da hali: addu'a da godiya sun wadatar, tunda yaba kyauta tukwici ne. Mai bayarwa kuma kada ya tsaya ƙirga abin da aka mayar masa.

A cikin gida, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya isa gargaɗi: mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan uwansa, Annabi ya ƙi yin shaida a kai, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Mai mata biyu ko uku ya lura da wannan wajen kayan sallah da goron sallah, domin yaro yakan manta abin da ya ci, amma da wuya ya manta ranar da aka fifita ɗan ɗakin kishiyar uwarsa a kansa.

Kyautar da ba kyauta ba

Akwai kwanon da bai kamata ya fita ba. Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo yana ware wani abu da cewa kyauta aka ba shi, sai Annabi ya hau mimbari ya yi inkarin haka, yana mai nuni da cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba wanda zai kawo masa. Don haka goron sallar da ake kai wa alƙali ko jami'in da takardarmu ke kan teburinsa, ko malamin da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗanmu, toshiyar baki ce ko da an naɗe ta cikin leda mai kyau. Malaman Malikiyya sun kuma hana mai bin bashi karɓar kyautar wanda yake bi, sai idan dama sun saba yi wa juna tun kafin bashin, domin kada ta zama hanyar riba.

Masu yin na sayarwa su ma su ji tsoron Allah. Man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi, da tauye mudu, da ɗora masu kyau a sama a ɓoye ƙonannu a ƙasa, duk algus ne, irin wanda Annabi ya kama a kasuwar Madina lokacin da ya cusa hannunsa cikin tarin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa. Wadda ta karɓi kuɗin mutane ta cika alkawari a kan lokaci, haka tela da mai ɗinkin hula.

Muna roƙon Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sanya albarka a abin da hannayenmu suka sarrafa, Ya yaye wa masu bashi bashinsu, Ya faranta ran marayu, Ya kuma maimaita mana cikin lafiya da zaman lafiya.